Yadda Aka Inganta Ƙwallon Golf da Sandunansa

Golf wasa ne da ake yi a babban fili mai ciyawa. Ɗan wasa yana bugun ƙaramin ƙwallo da sanda, yana bin sa, har ya jefa shi cikin wani rami da aka kafa wa tuta. Cikakken filin golf yana da ramuka 18. Wanda ya gama da su da mafi ƙarancin bugu shi ne ya yi nasara. A Nijeriya akwai filayen wannan wasa a birane irin su Legas, Abuja, Jos, Kaduna da Kano.

Wasan da muka sani a yau ya samo asali ne daga ƙasar Sikotilan, a arewacin Birtaniya. Tun a shekarar 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana yin sa, domin yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin kibiya. Daga wancan zamani zuwa yau manufar wasan tana nan yadda take, amma kayan wasan sun sauya ƙwarai. A wannan darasi za mu ga yadda aka yi waɗannan sauye-sauye. Kusan kowannensu ya faro ne daga mutumin da ya lura da wata ƙaramar matsala, ya nemi maganinta.

Ƙwallon Gashin Tsuntsu

Fiye da shekara 200, har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, ana amfani da ƙwallon fata da gashin tsuntsu. Baduku zai ɗinka jiƙaƙƙiyar fata kamar 'yar jaka, ya bar mata ƙaramar kafa. Sai ya dafa gashin dinya ko na kaza, wanda yawansa zai cika doguwar hula guda. Daga nan sai ya yi ta cusa gashin ta kafar da wani ƙarfe, yana dannawa da ƙirjinsa, har ya shige duka, sannan ya ɗinke. Yayin da ƙwallon yake bushewa, fatar tana tsukewa, gashin kuma yana buɗewa. Wannan ne ke sa ya yi tauri. A ƙarshe sai a shafa masa farin fenti.

Ƙwallon yana tashi da kyau, amma yana da illoli. Gwanin baduku ba ya iya yin fiye da uku ko huɗu a wuni. Saboda haka yana da tsada, sau da yawa ma ya fi sandar bugunsa kuɗi. Idan ruwa ya taɓa shi sai ya jiƙe ya yi nauyi, ga shi kuwa Sikotilan ƙasa ce mai yawan ruwan sama. Bugu ɗaya mara kyau kuma yana iya farke ɗinkin. Don haka masu hali ne kaɗai ke iya sayensa a kai a kai.

Ƙwallon Danƙo

Wajen shekarar 1848 aka fara yin ƙwallon da wani irin danƙo da ake samu daga itatuwan yankin Malesiya. Idan aka tsaga bawon itacen, sai ya fitar da farin ruwa, kamar yadda gamji yake yi. Ruwan nan ne ke daskarewa ya zama danƙo. In aka jefa shi a ruwan zafi sai ya yi laushi, a mulmula shi, in ya huce kuma ya yi tauri. Ruwan sama ba ya ɓata shi. In ya lotse, ana iya sake dafa shi a gyara. Kuɗinsa kuwa bai kai rabin na ƙwallon gashi ba. Wannan araha ta buɗe wa talakawa ƙofar wasan.

Ba kowa ne ya yi murna ba. A garin St Andrews akwai wani shahararren ɗan wasa mai suna Allan Robertson, wanda sana'ar gidansu ita ce yin ƙwallon gashi. Ya ga cewa sabon ƙwallo zai kashe masa kasuwa, sai ya ƙi shi. Da ya tarar da ma'aikacinsa, Tom Morris, yana wasa da ƙwallon danƙo, sai suka ɓata har suka rabu. Morris ya koma garin Prestwick a shekarar 1851, daga baya kuma ya ci babbar gasar Birtaniya har sau huɗu. Shi ma Robertson, da ya ga babu makawa, sai ya shiga yin ƙwallon danƙo. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Ƙwallon danƙo na farko sumul yake kamar ƙwai. Ba a daɗe ba 'yan wasa suka lura da wani abin mamaki. Sabon ƙwallo ba ya yin nisa, yakan faɗo da wuri. Amma tsohon da ya sha bugu, ya yi tabo ko'ina, shi ne ke tashi sama ya tafi nesa. A lokacin ba su san dalili ba, amma sun yarda da abin da idonsu ya gani. Sai masu yin ƙwallo suka fara sassara jikinsa da bakin guduma kafin su sayar. Daga baya aka ƙera mazubi na ƙarfe mai zane a ciki, wanda ke fitar da ƙwallo da ƙananan ƙuraje a jiki.

A shekarar 1898 wani Ba'amurke mai suna Coburn Haskell, tare da Bertram Work, ma'aikacin wani kamfanin roba a jihar Ohio, suka fito da sabuwar dabara. Suka miƙe siririn zaren roba, suka yi ta naɗa shi har ya zama dunƙule, sannan suka lulluɓe shi da danƙo. Roba mai miƙewa tana mayar da ƙarfin bugu fiye da daskararren danƙo, don haka ƙwallon ya ƙara nisa da kimanin yadi 20. Da farko manyan 'yan wasan Birtaniya sun raina shi. Amma da Sandy Herd ya ci babbar gasarsu da shi a shekarar 1902, sai kowa ya koma gare shi.

A shekarar 1905 kuma wani injiniya ɗan Ingila, William Taylor, ya nemi takardar mallakar fasaha a kan wani sabon zane. A maimakon ƙuraje masu tasowa, sai ya yi wa jikin ƙwallo ƙananan lotse-lotse, kamar wuraren da ɗigon ruwan sama ya faɗa a kan yashi. Wannan zane ne ake amfani da shi har yau. Yawancin ƙwallayen zamani suna da irin waɗannan lotse-lotse tsakanin 300 zuwa 500.

Mene Ne Sirrin Lotse-lotsen?

Ruwa ba ya tsami banza. Masana kimiyya sun gano dalilin abin da 'yan wasan da suka lura da shi. Idan ƙwallo yana tafiya a sama, iska tana tokare shi ta gaba, tana zagaya jikinsa. In jikin sumul ne, iskar tana rabuwa da shi da wuri, tun kafin ta kai bayansa. Sai a sami babban gurbi a baya, inda ƙarfin iska ya ragu. Tun da iskar gaba ta fi ta baya ƙarfi, sai ƙwallon ya riƙa rage gudu, kamar ana jan sa baya.

Lotse-lotsen suna hargitsa siririyar iskar da ke manne da jikin ƙwallo. Iskar da aka hargitsa tana daɗewa tana bin jikinsa kafin ta rabu da shi. Ta haka gurbin baya yake ƙanƙancewa, jan da ake yi wa ƙwallon kuma ya ragu.

Akwai amfani na biyu. Fuskar sandar golf a karkace take, saboda haka idan aka bugi ƙwallo yakan tashi yana juyawa da baya. Juyawar nan tana sa iskar da ke samansa ta fi ta ƙasansa gudu, sai iskar ƙasa ta riƙa ɗaga shi. Lotse-lotsen suna ƙara ƙarfin wannan ɗagawa. Zurfin kowannensu bai wuce kimanin rubu'in milimita ba, amma ƙwallon da ba shi da su ba ya wuce kusan rabin nisan mai su.

Likitocin Haƙori da Ɗan Fegi

A farkon kowane rami, an yarda ɗan wasa ya ɗaga ƙwallonsa kaɗan daga ƙasa kafin ya buga. A da, yakan ɗebi jiƙaƙƙen yashi daga wani akwati, ya tara shi, ya ɗora ƙwallon a kai. Wannan yana ɓata hannu da lokaci, kuma tsayin tarin yashin ba ya zama ɗaya kullum.

George Franklin Grant likitan haƙori ne a birnin Boston na Amurka. Shi ne baƙar fata na farko da ya koyar a Jami'ar Harvard. Yana son golf, amma ya gaji da tara yashi. Sai ya ƙera ɗan fegi na katako mai kan roba, wanda ake soka shi a ƙasa a ɗora ƙwallo. A watan Disamba na 1899 aka ba shi takardar mallakar wannan fasaha. Sai dai bai kai fegin kasuwa ba, yakan raba wa abokansa ne kyauta, don haka mutane kaɗan ne suka san da shi.

Bayan shekara 20 da 'yan kai, wani likitan haƙorin, William Lowell, ya fito da nasa fegin na katako zalla. Ya shafa masa jan fenti, ya kuma biya fitattun 'yan wasa su yi amfani da shi a gaban jama'a. 'Yan kallo suka riƙa tsintar waɗanda aka bari a fili, cikin ɗan lokaci fegin ya bazu ko'ina. Sai a shekarar 1991 hukumar golf ta Amurka ta karrama Grant a kan aikinsa. Labarin mutanen nan biyu ya nuna cewa bayan ƙirƙira akwai sauran aiki, wato kai abin ga masu bukatarsa.

Sanduna

Sandunan da na katako ne, suna karyewa, damina kuma tana lanƙwasa su. Hukumar Amurka ta amince da sandar ƙarfe a shekarar 1924, ta Birtaniya kuma a 1929. A shekarar 1932 Gene Sarazen ya ƙara wa gindin wata sanda faɗi da nauyi, domin ta zame a kan yashi a maimakon ta nutse. Da ita ya riƙa fitar da ƙwallo daga wuraren yashin da ake yi a fili don wahalar da 'yan wasa, kuma ya ci gasar Birtaniya a shekarar. A shekarar 1979 kamfanin TaylorMade ya fito da sandar bugun nesa mai kan ƙarfe, wanda cikinsa fanko ne. Irin wannan kai yana iya zama babba ba tare da ya yi nauyi ba, ko bugun bai zauna daidai ba ƙwallon zai yi nisa.

Ina Iyaka?

Duk lokacin da kaya suka inganta, wata tambaya takan taso: shin gwanintar ɗan wasa ce ke kawo nasara, ko kuwa kyan kayansa? Ban da haka, in ƙwallo ya ƙara nisa, tsofaffin filaye sai su yi kaɗan. Faɗaɗa su yana bukatar ƙarin ƙasa da ruwa da kuɗi. Saboda haka hukumomin wasan biyu, ta Amurka da ta St Andrews, suka kafa iyakoki. Tun ƙarshen shekarun 1930 ɗan wasa ba ya ɗaukar sanda fiye da 14. Nauyin ƙwallo ba zai wuce giram 45.93 ba, faɗinsa kuma ba zai gaza milimita 42.67 ba. A watan Disamba na 2023 hukumomin suka sanar cewa za su sauya yadda ake gwada ƙwallo, domin a rage nisan da yake yi. Wasu 'yan wasa da kamfanoni sun yi adawa da matakin, wasu kuma sun goyi baya. Masu ƙirƙira suna ci gaba da bincike, masu doka kuma suna tsaye a kan cewa hannu da idon ɗan wasa su ne za su raba gardama a fili.

Sababbin Kalmomi

baduku: mai sana'ar ɗinkin fata
dinya: tsuntsu mai kama da agwagwa, amma ya fi ta girma
mazubi: abin da ake zuba narkakken abu a ciki don ya ɗauki siffarsa
sumul: mai santsi, marar tabo
lotse: danne ya shiga ciki
fanko: abin da babu komai a cikinsa
takardar mallakar fasaha: shaidar hukuma cewa mutum shi ne mai wata ƙirƙira

Tambayoyi

1. Me ya sa aka hana wasan golf a Sikotilan a shekarar 1457?
2. Kawo illoli uku na ƙwallon gashin tsuntsu.
3. Me ya haddasa saɓani tsakanin Allan Robertson da Tom Morris?
4. Yi bayani da kalmominka a kan yadda lotse-lotse ke taimaka wa ƙwallo.
5. Me ya sa fegin Lowell ya bazu, na Grant bai bazu ba?
6. Yaya karin maganar nan, "Da tsohuwar zuma ake magani", ta dace da labarin ƙwallon danƙo?
7. Zaɓi wani kayan wasa da ake amfani da shi a makarantarku. Rubuta jimla biyar a kan wata matsala da ka lura da ita a jikinsa da yadda za a gyara ta.