Shirin Musamman: Yadda Kanel Ke Sauya wa Aiki Manhaja

Shirin yau na yaranmu ne masu koyon rubuta manhaja, da 'yan'uwa masu gyaran waya da ke sammako zuwa kasuwar Circle.

Duk wayar Android ta Tecno ko Infinix da ke aljihunku, kanel ɗin Linux ne ke riƙe da ita, wanda Linus Torvalds ya soma a Finland a 1991. Kanel ke raba wa kowane aiki mai gudana ma'adana da lokaci, kowanne da lambarsa.

Idan aiki zai rikiɗe ya koma wata manhaja, sai ya kira umarnin kanel mai suna execve. Kanel ya buɗe fayil ɗin, ya duba ko tsarin ELF ne, wato tsarin fayilolin manhaja. Har nan ana iya fasawa: in babu fayil ko babu izini, a mayar wa aikin da saƙon kuskure. Da an wuce nan, bakin alƙalami ya bushe. A tsayar da sauran zaren aikin, a share tsohuwar ma'adana kakaf, a shimfiɗa sabuwa. In matsala ta taso a wannan gaɓar, sai dai a kashe aikin, don ba shi da wurin komawa.

Amma ba komai ake zubarwa ba. Kamar ɗakin haya ne: an sauya ɗan haya, ƙofa da mitar wuta suna nan. Lambar aikin ba ta canzawa. Fayilolin da ya buɗe suna nan a buɗe, sai waɗanda aka yi wa alamar a rufe. Nan nake jan kunnen masu koyo, domin wanda ya manta wannan alamar ya miƙa wa baƙuwar manhaja fayil ɗin sirrinsa da hannunsa. Sai kanel ya rubuta sabon suna, haruffa 15 kacal, ya mayar da martanin sigina yadda yake tun asali, ya nuna wa injin inda zai fara.

Android kuwa ba ta bin wannan hanyar wajen buɗe WhatsApp. Kwafin wani aiki mai suna Zygote take cirowa, wanda ya riga ya shirya, don a rage jira.

Malamai da iyaye, tsohuwar kwamfuta ma ta isa. A sa mata Linux, yaro ya rubuta strace ls. Layin farko da zai gani, execve ne. Ku ba su dama su gwada.