"Lafiyata Ƙalau" Ba Hujja Ba Ce

A duk taron mata da aka ambaci gwajin sankarar bakin mahaifa, sai an samu wadda za ta ce, "Ni lafiyata ƙalau, me zai kai ni a tono mini ciwo?" To ai mai lafiyar ake nema. Ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa kusan duk wannan sankara, takan yi shekara 15 zuwa 20 tana ɓarna a ɓoye, ba zafi ba jini. A wannan tsakanin ne gwaji ke gano wurin da ya fara sauyawa, a ƙona shi ko a daskarar da shi, mace ta koma gida a ranar.

Ni abin da ya fi damuna shi ne kalmar "sanyi". Ruwa mai wari ya zubo, a ce sanyi ne. Jini ya biyo bayan kwanciyar aure, sanyi ne. Har dattijuwar da al'ada ta ɗauke mata shekaru, in jini ya dawo, sai a haɗa ta da jiƙo da tsimi. Kafin a kai ta asibiti, ciwon ya ci ƙarfinta. A 2020 kaɗai, mata kusan 12,000 ne suka kamu a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu.

Kunya kuwa ba abin raini ba ce. Mace na da damar neman ma'aikaciyar jinya mace ta duba ta, kuma gwajin da ake shafa ruwan khal a bakin mahaifa 'yan mintuna yake ɗauka. Masu tsoron a zarge su da lalata su kwantar da hankali: ƙwayar ta yaɗu sosai, har matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25. Tun watan Oktoba na 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a Najeriya, amma allurar 'ya ba ta ɗauke wa uwa gwaji.

Maigida, da yawa izininka da kuɗin mota kawai suke jira. Ka ba matarka, ka raka ta.