FASHIN BAƘI: Inshorar lafiya ta zama dole, amma wa doka za ta hukunta a Gwadangaji?

A Gwadangaji, bakin Birnin Kebbi, ma'aikacin da ke zuwa sakatariyar gwamnatin jiha da manomin shinkafar da ke wucewa fadama duk doka ɗaya ta hau kansu: kowa ya mallaki inshorar lafiya. Sai dai hanyar da za ta kai su ga hakan ba ɗaya ba ce.

Abin da doka ta ce

A watan Mayun 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin dokar NHIS ta 1999. Sabuwar dokar ta wajabta inshora a kan duk mazaunin Najeriya, ta kuma ɗora wa mai ma'aikata biyar zuwa sama nauyin yi musu rajista. A Kebbi, hukumar KECHEMA ce ke tafiyar da shirin jiha.

Dalilin tilascin a fili yake. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Tiyatar haihuwa guda kan iya cinye amfanin gonar shekara.

Wa ke fuskantar hukunci?

Laifukan da dokar ta lissafa sun fi karkata ga masu riƙe da kuɗin jama'a: wanda ya ƙi biyan gudummawar da ta wajaba a kansa, mai kamfanin da ya cire kuɗi daga albashin ma'aikaci ya danne, da kamfanin inshorar da ya hana asibiti haƙƙinsa. Hukuncin tara ne ko ɗauri, ko duka biyun.

A watan Satumban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙara matsa lamba, inda ya umarci ma'aikatun tarayya su nemi shaidar inshora daga masu neman kwangila ko lasisi. Wannan zai ciji ɗan kwangila, amma ba zai taɓa masuncin Argungu ba, domin ba shi da albashin da za a cira, ba ya kuma neman kwangila.

Ko a Amurka, inda a 2016 aka ci marar inshora tarar dala 695 ko kashi 2.5 na kuɗin shigarsa, an mayar da tarar tarayya sifili daga 2019.

Bashin da ke kan gwamnati

Ga marasa ƙarfi, dokar ta kafa asusu na musamman domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta. Buhari ya ce mutum miliyan 83 za su amfana. Tun 2014 ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta ware aƙalla kashi ɗaya na kuɗin shigar tarayya ga asusun BHCPF.

Ke nan idan mai ciki a Gwadangaji ta je asibiti babu kati, ba ita ce farkon abin tuhuma ba. Tambayoyin da suka dace matasa su kai wa wakilansu su ne: nawa ya shigo jihar daga asusun, mutum nawa aka yi wa rajista a mazaɓarsu, kuma wa ya zaɓi sunayen?