Kod ɗinka lafiya lau, amma gwaji ya faɗi

Duk wanda ya taɓa rubuta Java ya san wannan takaicin. Manhaja na aiki sumul, kana kunna gwajin JUnit sai jan rubutu ya cika allo. Yawancinmu nan take muke komawa mu hargitsa kod ɗin da bai ci ba bai sha ba. Dakata tukuna. Sau da yawa matsalar tana wurin wanda ya ɗauko kilas ɗin, ko wanda aka hana izini.

Java ba ta loda kilas sai an buƙace shi, kuma masu lodin hawa-hawa ne. Na ƙasa, mai kula da kod ɗinka, sai ya fara tambayar na samansa. In sun ce babu, sannan ya duba wurinsa. ClassNotFoundException na nufin an nemi kilas da sunansa ba a same shi ba. Ita kuwa NoClassDefFoundError ta fi rainin hankali: kilas ɗin yana nan lokacin da aka harhaɗa kod, amma da aka zo aiki ya ƙi loduwa. In ka ga ta haɗa da Could not initialize class, koma sama ka nemi kuskuren farko, wato ExceptionInInitializerError. Can ɓarnar take.

Wadda ta cinye min dare guda ana gobe zan miƙa furojet ita ce ClassCastException, tana cewa wai ba za a iya mayar da Dalibi ya zama Dalibi ba. Wallahi na ɗauka idona ne. Ashe a wurin Java suna kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da wanda ya yi lodin. Masu lodi biyu suka ɗauko kilas ɗaya, ya zama biyu ke nan, kamar Musa biyu a aji ɗaya. Maganin ba wuya. Kunna gwajin da -verbose:class, za ka ga kowane kilas da fayil ɗin da ya fito. Buga getClassLoader() na ɓangarorin biyu ka kwatanta. In da Maven kake aiki, mvn dependency:tree zai tona maka laburaren da ya shigo sau biyu.

Sai batun izini, ga masu tsohon kod mai SecurityManager. Idan aka zo buɗe fayil, Java tana duba duk jerin waɗanda suka kira juna har aka iso nan, kuma kowannensu sai yana da izini. To a gwaji fa JUnit ne ya kira ka, yana cikin jerin. Ka ba kod ɗinka izini ka manta da shi, sai AccessControlException. Saka -Djava.security.debug=access,failure, za ta nuna maka wanda aka hana. Don Allah kada ka raba AllPermission ga kowa don jan rubutu ya ɓace, gwajin ya tashi daga aiki ke nan.

Kafin duk wannan ma, buga java -version a injin ɗinka da na ɗakin kwamfuta. Tun Java 17, a 2021, aka sanar za a cire SecurityManager. Daga Java 18 kiran System.setSecurityManager yana faɗuwa sai ka ƙara -Djava.security.manager=allow, a Java 24 kuwa an kashe shi gaba ɗaya, ko wannan ba zai cece ka ba.