Masaukin Mai Ƙaramin Ƙarfi, Daga Zauren Fatoma Zuwa Ɗakin Haya

Duk wanda ya taɓa barin garinsu da guzuri ƙidayayye, har rana ta faɗi masa a inda ba shi da dangi ba shi da idon sani, ya san mas'alar wurin kwana tana gaba da sauran mas'alolin tafiya, domin kuwa yunwar yini ana iya daure mata, gajiya ma ana iya lallashinta, amma dare idan ya sauko ba ya karɓar uzurin kowa. Shari'a ba ta gafala da wannan ba, tun da ta sanya matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin mutum takwas masu haƙƙi a zakka, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance liyafar baƙo da kwana uku, abin da ya ƙaru a kan haka ya zama sadaka. Sai dai fa falken da ya iso da jakai ashirin da bayi da barori, wanda hajarsa ba za ta ƙare a wata guda ba, babu mai hankalin da zai ce a ɗauke shi a matsayin baƙon kwana uku. Saboda haka magabatanmu suka ƙago wata hanya tsakanin liyafa da ijara, wadda ƙasar Birnin Gwari ta san ta tun da daɗewa.

Dalilin da ya sa ta san ta kuwa shi ne mazauninta. Allah Ya ajiye ta a yammacin Zazzau, cikin daji mai duhuwa da duwatsu da ƙoramu masu gangarawa kogin Mariga, a kan turbar da ke haɗa Kano da Zariya da ƙasar Nufe da Bargu, har ta dangana da Gwanja inda ake sayo goro. Baturen nan Clapperton, a tafiyarsa ta biyu, da ya taso daga Badagiri ya ƙetare Kwara a wajen Busa, ta nan ya biyo a shekarar 1826 kafin ya isa Zariya ya wuce Kano, kuma turbar fatake ya bi, gama babu wata. Dajin da ya ratsa shi ne wanda aka keɓe wani yankinsa a 1936 a matsayin gandun En'e, aka ɗaga shi a 1999 ya zama gandun ƙasa na Kamuku, yana jingine da dajin Kuyambana ta arewa. Ayarin da ya yini cikin irin wannan daji, yana tsoron namun dawa da mahara, da ya hango ganuwar gari kafin magariba sai ka ji an ɗauki hamdala.

A nan ne aikin fatoma, wato maigidan da ke saukar da fatake, yake farawa. Madugu ya riga ya aika da jagaba ya sanar da isowarsu, an kai wa sarki gaisuwa, an biya abin da aka saba biya. Talakawan ayari suna sauka a zango bayan gari su kafa bukkoki, masu dukiya kuwa kowa ya nufi gidan da ubansa ya saba sauka. Ka ɗauka kana tsaye a ƙofar irin wannan gida da la'asar sakaliya. Ana kwance mangaloli daga bayan jakai, ana duba miki a gadon bayansu. An shigar da kanwa da turkuɗi da jar fata ɗakin ajiya, an rufe da asabari. Wani yaro ya kawo ruwan alwala a buta da ƙwaryar fura. In kuwa ayarin dawowa yake yi, kafin falke ya wanke ƙafarsa sai ya fara kwance huhun goro, ya ɗaga ganyen fita a hankali, ya tsince wanda tsutsa ta taɓa don kada ya ɓata 'yan'uwansa, ya yayyafa ruwa, ya sāke ɗaurewa, shi kuwa maigida yana zaune a kan buzunsa yana kallo, yana lissafi a zuci, ya riga ya san wanda zai kira gobe ya saya.

Abin lura a nan, wanda galibin 'yan zamani ba su sani ba, shi ne falke ba ya biyan kuɗin ɗaki. Kwana kyauta ne, tuwon dare ma haka. Ribar maigida tana fitowa ne daga la'adar da ke shiga hannunsa da na dillalansa idan an yi ciniki, da kyautar da baƙo zai bar masa ranar sallama. A madadin haka shi ne mai ajiyar dukiyar baƙo, shi ne tafintansa idan harshe ya saɓa, shi ne mai faɗa masa wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, kuma idan aka ba da bashin bisa maganarsa shi ne mai lamuni. In rigima ta kai gaban alƙali shi zai tsaya, in baƙo ya yi ciwo matansa ne za su dama masa kunu, in ajali ya riske shi a nan shi zai yi masa sutura ya tsare gādon har magada su zo. Malamanmu na Malikiyya sun zayyana hukuncin wadi'a a cikin Risala da sauran littattafai, cewa mai ajiya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma abin da ya fi hukuncin alƙali tsoratar da fatoma shi ne bakin fatake, domin labarin wanda ya ci amana yana riga ayari isa zango na gaba. Wannan tsari ne Hausawa suka ɗauka suka kafa a Salaga da Kumasi da Sabon Ibadan, har wani masani mai suna Abner Cohen ya wallafa littafi a 1969 kan yadda masu gidajen Sabo suke riƙe da cinikin shanu da goro.

Kada dai a ɗauka duka alheri ne. An sha samun fatoman da zai haɗa baki da masu saye a karya farashi, ko ya yi ta jan baƙo da gobe da jibi har uwar kuɗi ta fara narkewa, shi kuwa baƙo ba shi da ikon sauya gida ba tare da abin kunya ba. Kuma talaka ɗan ƙoli mai kaya a ka, wanda la'adarsa ba ta kai a kula ba, rabonsa zauren masallaci ne ko rumfar kasuwa.

Da Nasara suka ci ƙasa, sai al'amarin ya juya. Hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 ta bi ta Zungeru da Minna da Kaduna, ta bar Birnin Gwari a gefe, goro ya koma shiga tarago, ayari ya mutu sannu a hankali. Turawa suka gina wa kansu bariki a wuraren da suke yada zango in sun fita rangadi, inda talaka ba ya kusanta sai in an kira shi ɗebo ruwa ko itace. A shekarun 1930 haƙar zinariya ta jawo wasu baƙin na daban. Daga baya hanyar mota ta zo, wadda ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku ta ratsa daji ta nufi Tegina da Mokwa da Jebba har Ikko, ga kuma reshen da ya tafi Funtuwa. Ƙarfin wannan hanya ya kai har gari ya bi ta, aka sami sabuwar Birnin Gwari a bakin titi, tsohuwar ta zauna a inda take. Shekaru da dama wannan hanya ita ce babbar hanyar Arewa zuwa Kudu, kuma da ita ne aka fara sanin kwanan kuɗi: ɗaki a bayan tasha, katifa da ta ga duniya, bokitin ruwa a bakin ƙofa, mai shayi yana hura wuta har asuba, direba a ciki, yaron mota a ƙarƙashin mota bisa tabarma yana gadin kaya. Mai ɗakin ba ya tambayar sunan ubanka, kai ma ba ka sa ran ya tsaya maka a gaban kowa.

Sa'an nan aka shiga shekarun fitina, waɗanda mutanen ƙasar ba sa bukatar a tuna musu. 'Yan bindiga suka mamaye dajin, tafiyar da ba ta wuce kilomita 120 ba daga Kaduna ta zama abin da ake yin wasiyya kafin a kama, motoci suka riƙa taruwa suna jiran rakiyar sojoji a tafi a jere, wato ayari ya dawo da wata kama bayan an zaci an binne shi. Wanda ya makara ya rasa rakiya tilas ya kwana inda yake. A ƙarshen 2024, bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta, aka sāke buɗe kasuwar shanu ta garin bayan shekaru tana rufe, baƙi suka fara komowa. Allah Ya ɗorar da zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To, ɗan wannan ƙasa da karatu ko jinya ko fatauci ya kai shi babban birnin wata ƙasar Turai, aljihunsa kuwa bai kai na manyan otal ba, wajibi ne ya san irin abin da zai saya, don kada ya je da zaton zauren fatoma ya tarar da ɗakin bayan tasha da aka shafa wa fenti. A Landan, a unguwannin da ke kewaye da manyan tashoshin jirgin ƙasa irin su Paddington da King's Cross da Victoria, akwai tsofaffin gidajen iyali masu hawa huɗu ko biyar da aka yayyanka ɗaki ɗaki, ana sayar da kwana haɗe da karin kumallo. Matattakalar ƙunci gare ta, galibi babu na'urar hawa, kai za ka ja akwatinka har sama. Ɗakin kuwa, in ka buɗe akwati a ƙasa ƙofa ba za ta rufu ba, taga tana kallon bangon maƙwabci, wurin shimfiɗa sallaya sai an tura kujera kan gado. Mafi arha shi ne wanda ake tarayya a makewayi da mutanen hawa guda. Ƙasa da shi kuma akwai gidajen kwanan matasa, inda mutum shida ko takwas da ba su san juna ba suke kwana a gadaje masu hawa biyu, al'adar da wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, ya kafa gidanta na farko na dindindin a Altena a 1912 saboda ɗalibai masu yawon buɗe ido.

Sharuɗɗan ijarar a rubuce suke, kuma ba a sassauta su don fuska ko don furfura. Ana biya tun kafin a zo, ta intanet, kuma farashi mafi sauƙi sau da yawa shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa in tafiya ta fasu, abin da ya kamata mai jiran biza ya yi wa dogon nazari. Akwai sa'ar shiga, bayan azahar, akwai sa'ar fita, kafin rana ta take, wanda ya wuce ta a caje shi. A Faris da Rum da Barlin ana ƙara harajin birni a kan kowane dare, a Rum kuma doka ta wajabta wa mai gida ya miƙa sunan baƙonsa ga 'yan sanda. Game da dukiya, dokar Ingila ta 1956 ta ba mai otal damar taƙaita ramuwar abin da ya ɓace a ɗaki zuwa ɗan kuɗi kaɗan, sai fa in sakacinsa ne ya jawo, ko kuwa an damƙa masa kayan hannu da hannu da sunan ajiya, wanda ɗalibin fiƙihu zai ga bai yi nisa da babin wadi'a ba. Don haka fasfo da kuɗi ko dai su zauna a jikinka ko a akwatin ajiyar gidan, ka karɓi shaida.

Sauran abubuwan na addini ne, kuma babu mai tuna maka su. Buta ba ta cikin kayan makewayinsu, sai ka tanadi gorar roba. Karin kumallon Ingilishi naman alade ne ginshiƙinsa, saboda haka a tsaya ga burodi da ƙwai dafaffe da shayi, a tambaya kafin a ci. Alƙiblar Landan kudu maso gabas take, saɓanin tamu da ke gabas maso arewa. A tsakiyar bazararsu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, alfijir kuma ya keto tun mutum bai gama juyin farko ba, a hunturu kuwa magariba tana yi kafin ƙarfe 4 na yamma. Mai hankali yakan nemi jadawalin salla daga masallaci, kamar babban masallacin da ke gefen Regent's Park. A ganina gwamma ɗaki matsattse kusa da tasha da masallaci da ɗaki yalwatacce a bayan gari, domin abin da aka rage a kuɗin kwana kuɗin jirgi zai cinye shi.

Ba na zargin mai gidan Turai da rowa, gama abin da ya yi alkawari shi yake bayarwa, gado mai tsabta da mabuɗi da ruwan zafi, kuma akwai 'yanci a cikin haka wanda falken dā bai samu ba, tun da kana iya ɗaukar akwatinka gobe ka koma gidan da ke kallonsa babu mai cewa ka yi butulci. Abin da babu a cikin cinikin shi ne mutumin da zai ce wannan baƙona ne, na san shi. Shi ya sa har yau mai shanun da ya loda tirela a kasuwar Birnin Gwari ya nufi Ibadan ko Ikko, ko da yana da kuɗin otal, gidan maigidansa yake sauka. Ajiyar kuɗi ta fita daga hannun maigida tun da banki da waya suka shigo, tafinta ma an rage bukatarsa, amma mahaucin da zai karɓi sa yau ya biya bayan mako biyu, maigida ne kaɗai ya san gidansa da halinsa, kuma a kan maganarsa ake sakin igiya.