Daga takardun iyakar Jibiya: Yadda manhaja ke ƙera wa kanta mai gadin bayanai

Motar kaya da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Ɗan Isa zuwa Jibiya ba buhuna kaɗai take ɗauke da su ba, har da bayanai masu tsayayyen fasali. Lambar rukunin kaya a jadawalin harajin ECOWAS alƙaluma 10 ce, shidan farko na Ƙungiyar Kwastam ta Duniya ne. Ƙasan fasfon direba kuwa layi biyu ne da na'ura ke karantawa, kowanne mai gurbi 44. Alƙalami ɗaya ya kauce, sai haraji ya sauya ko kaya su kwana a bakin iyaka.

Masu rubuta manhaja suna da hanyar fayyace irin wannan fasali. A TypeScript, harshen da Microsoft ya fitar a 2012, akan bayyana tun farko cewa nauyi lamba ne, sunan mai kaya rubutu ne. Sai dai wannan sharaɗi yana aiki ne a lokacin rubuta manhajar kawai. Da zarar an juya ta zuwa JavaScript domin ta fara aiki, ana share shi baki ɗaya. Idan wani ya cusa "buhu ɗari" a gurbin nauyi, babu mai tare shi a ƙofa.

Da can akan sake rubuta ƙa'idojin da hannu a matsayin mai tantancewa, wato aiki biyu ke nan. A nan ɓarakar take: a gyara ɗaya a manta da ɗaya, su saɓa wa juna ba wanda ya lura sai ranar da lissafi ya ƙi fita. Shi ya sa aka samar da kayan aiki irin su typia, wanda ke karanta bayanin fasalin ya ƙera mai tantancewar daga gare shi, ta yadda tushen ƙa'ida ya zama ɗaya tilo. Pydantic na yin makamancin haka a Python. Zod ya biyo ta baya: a fara da mai tantancewar, a ciro fasalin daga cikinsa.

Dabarar tana da iyaka. Cewa gurbi "rubutu" ne bai nuna alƙaluma 10 ake so ba, sai an ƙara wannan sharaɗi a fili. Kuma takardar da ta ce wake ne za ta wuce lami lafiya ko da shinkafa ce a motar, matuƙar an cike guraben daidai. Kwance buhu har yanzu aikin jami'in da ke tsaye a Jibiya ne.