Ko Kun Sani?

Nisan da ke tsakanin Landan da Paris ta sama, kilomita 350 ko kusan haka, bai bambanta sosai da na Kano zuwa Abuja ba. Cikin kamar sa'a guda jirgi yake cinye shi.

Amma tafiyar da ta fi shafar mutanen Kademi da sauran garuruwan Gaya da Ajingi a Jihar Kano ita ce ta Makka. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, kusan ninki goma na tazarar Landan da Paris, kuma jirgin da ya bi kai tsaye kan yi ta cikin sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Maniyyacin da ya ƙetare gadar Wudil da safe, in an tashi a kan lokaci, yana iya kwana a ƙasa mai tsarki. Da ya sauka sai ya tura agogonsa gaba da sa'a biyu.

Kakannin mutanen yankin kuwa a ƙafa da bisa jakuna suka yi wannan tafiya, ta Borno da Chadi da Sudan, suna tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri. Wasu sun yi shekaru a hanya, wasu ma ba su dawo ba, jikokinsu na nan a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno. Wannan jimiri ya cancanci a riƙa tunawa da shi.

Har yau Sudan na tsakiyar hanyar. Da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyarta a 2023, dole jiragen alhazan Nijeriya suka riƙa zagayawa, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada.